Hular Kwano Ba Ta Riƙe Bene

Duk lokacin da bene ya rufta, magana biyu ake ji: wasu su ce ƙaddara, wasu su ce a kamo ɗan kwangila. Wanne daga ciki? Wanda sunansa ke kan allon bakin gini sau da yawa bai taɓa riƙe cebur a wurin ba. Ya yanka aikin ya raba: wannan ya ɗauki haƙar tushe, wancan ɗaurin rodi, wani zuba kankare, kowa da leburorinsa na jinga. Kamar kuɗin cefane ne da ya bi hannu uku kafin ya isa kasuwa. Miya ce ke ji a jikinta.

Abin haushin shi ne yadda muka ɗauki binciken. Ranar da aka ji jami'ai na tafe, sai a rarraba hulunan kwano da riguna masu ƙyalli, a ɗauki hoto, a sa hannu. Alhali abin da ke kashe mutane ɓoyayye ne. Da zarar an zuba dakin, babu idon da zai gane ko rodi mai milimita 16 da ke kan zane aka sa, ko mai 12. Saboda haka mai bincike na ƙwarai kafin zubi yake zuwa, da awo a hannu. Zai tsaya kan mai kwaɓi ya ƙirga kwanon sarki nawa na yashi da tsakuwa ake juye wa buhun siminti. Zai sa a ɗebi kankaren a ƙera ƙananan tubala, a gwada ƙarfinsu bayan kwana 7 da kwana 28. Zai tambayi ƙaramin ɗan kwangila ko yana biyan kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikata ga asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kamar yadda dokar diyya ta 2010 ta tanada, domin leburan da ya faɗo daga katako ba a sallame shi da kuɗin ɗori kaɗai ba.

Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi, Legas, ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya hallaka sama da mutum 40, har da mai ginin. Tun Fabrairun 2020 kamfanin injiniyoyin da ke duba aikin ya janye hannunsa a rubuce. Aiki bai tsaya ba. Hukumomin da ke da ikon garƙame wurin suna nan, COREN mai kula da aikin injiniya ma tun 1970 take, amma an fi ganin ƙafarsu bayan motar kwashe ɓaraguzai ta iso.