Gyaran Kwale-kwale da Amalanken Ɗaukarsa Kafin Damana

Wannan karon maganarmu da kai ce, mai kwale-kwale. Baƙon da bai san ƙasarmu ba zai yi dariya in ya ji ana zancen jirgin ruwa a Tawa, ƙasar duwatsu da rairayi. Amma kai ka san tabkin Tabalak, mai tazarar kimanin kilomita 50 daga Tawa bisa hanyar Agadas. Ka san kuma na Ɗan Dutsi can yamma. A shekara ta 2005 aka sa tabkunan nan biyu cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, bisa yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Gidaje da yawa da tarwaɗa da karfasan ruwan nan suke cika tukunya in hatsin rumbu ya ja baya.

To, ƙasarmu ba ta da manyan itatuwan da ake sassaƙa jirgi da su. Katako daga kudu yake zuwa, kuma da tsada. Saboda haka wanda ya bar kwale-kwalensa ya lalace, ba lalle ba ne ya samu na sayen wani a shekarar. Ban da wannan akwai zancen rai. Tsagar da ke shigar da ruwa kaɗan kaɗan a bakin gaɓa, ita ce ke buɗewa a tsakiyar tabki ran da iska ya taso, ga taru jiƙe, ga kifi, ga yaro mai tuƙi.

Lokacin gyara shi ne bazara, sa'ad da ruwa ya janye, tun aikin gona bai kama ka ba.

Neman inda ciwon yake

Ka fid da kwale-kwalen bisa tudu, ka wanke shi ciki da waje, ka kankare laka da gansakuka. Ka ɗora shi bisa gungume biyu don ka iya leƙa ƙarƙashinsa. Sa'an nan ka zuba masa ruwa bokiti kaɗan, ka duƙa ka diba. Duk inda ka ga ɗigo, ka zagaye wurin da gawayi. Bayan ya bushe sai ka bi jikinsa kana ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙa. Wuri mai lafiya ƙararsa garau take. Wurin da ya ruɓe, ko ya rabu daga ciki, ƙararsa a dushe take, kamar ta tulun da ya tsage.

In na katako ne, ka riga ka san aikin, ba za mu daɗe bisansa ba. Auduga ko tsumma a cusa cikin tsaga, a bi da narkakkiyar kwalta. In ɓarakar ta yi faɗi, a shafa kwalta, a ɗora fallen kwano, a kafe da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Katakon da tsinin wuƙa ke nutsewa cikinsa ya mutu, sai canji, liƙi ba ya tashe shi. Kada kuma ka bar jirgin katako kife cikin rana da iskan hunturu wata da watanni. Katakon ya kan ƙanƙance, tsagogi su buɗe, gara kuma ta same shi daga ƙasa.

Jirgin da ake ce wa na roba

Akwai wani irin kwale-kwale marar nauyi, mai santsi, wanda mutane ke kira na roba. Yawancinsa ba roba ba ne. Gilas ne aka ja ya zama zare siriri kamar gashi, aka shimfiɗa shi kamar tabarma, aka jiƙa shi da wani ruwa mai kauri kamar zuma, sunansa rezin. In rezin ya daskare sai su zama abu guda mai tauri. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, amma dutse yana fasa shi, jan shi bisa tsakuwa kuwa yana cinye gindinsa.

Kafin ka kashe kuɗinka, ka kankare bakin tsagar ka gani. In ka ga farin zare a ciki, na zaren gilas ne, rezin zai kama shi. In ba zare, roba ce zalla irin ta jarka, rezin ba ya kama ta.

Ga kuskuren da ya fi yawa: mutum ya ɗauko dabarar katako ya kai wa wannan. Ƙusa tana ƙara tsaga shi. Kwalta kuma, ko da ta tsai da ruwa kwana biyu, tana ɓata wurin, gama rezin ba ya zama bisa kwalta ko mai. In an riga an shafa, sai an kankare ta sarai.

Kayan aikin su ne rezin, da ɗan kwalbar maganin da ke daskarar da shi, da tabarmar zaren gilas, da samfefa mai kaushi, da buroshi, da ruwan asiton na goge wuri. Ka tambayi masu gyaran jikin mota a gari inda suke samun nasu. Ka girgiza gwangwanin kafin ka biya. Rezin ba ya son ajiya, ƴan watanni cikin zafi ke sa shi yin gudaji.

Da fari wurin ya bushe ƙayau. Ka ba shi kwanaki a inuwa mai iska, domin damshi yana ɓoyewa cikin zaren. Sa'an nan ka yanke duk abin da ya farfashe har ka kai ga jiki mai ƙarfi. Ka goge gefen ramin da samfefa ya yi gangare a hankali, kamar bakin faranti. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce, faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin jirgin sau 12. Watau in kaurin rabin santimita ne, ka goge santimita 6 ko ta ina, kusan faɗin yatsu huɗu. Mai gaggawa nan yake yin rowa, ya goge ɗan wuri kaɗan, facin ya ɓamɓare kamar ɓawon gyambo. In ramin ya huda har waje, ka tokare bayansa da kwali wanda ka lulluɓe da leda, don leda ba ta mannewa da rezin. Ka share ƙura, ka goge da asiton, kada ka sāke taɓa wurin da hannu mai gumi.

Ka yanka tabarmar tun ba ka dama komi ba. Falle na fari ya rufe gangaren duka, na biyu ya kasa shi da faɗin yatsa, haka haka har ramin ya cika.

Yanzu sai awo, kuma nan ne karatunka na yaƙi da jahilci zai yi maka rana. Lita guda ta rezin tana son maganin daskarewa mililita 10 zuwa 20. Cikin zafinmu na Afrilu da Mayu, da awo ke wuce 40, ka tsaya wajen 10. Kada ka dama lita guda gaba ɗaya. Ka auna kwatan lita, ka ɗiga masa mililita 3 da sabon sirinji, ka motsa sosai. Daga nan abin da kake da shi bai fi minti 15 ba, da rana tsaka ma bai kai haka ba. Don haka aikin na sassafe ne, a inuwa. Ka shafa rezin, ka ɗora babban falle, ka riƙa daddanna shi da bakin buroshi har farinsa ya ɓace ya zama garai-garai. Inda fari ya rage, iska ce ta maƙale ko rezin bai ratsa ba, wurin kuwa ba shi da ƙarfi. Ka bi da sauran fallayen tun na ƙasa bai bushe ba. Ka bar shi kwana guda cur, ka goge, ka shafa fenti don rana kada ta ci shi.

Maganin nan na ɗan kwalba mugu ne. Ɗigo guda a ido yana iya makantarwa. In ya fantsama, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a idon kamar minti 15, a wuce likita. Ka sa leda ko safar hannu, ka ɗaure hanci da baki lokacin guga. Ba taba, ba murhun shayi kusa. Ragowar da ta saura cikin gwangwani ta kan ɗau zafi da kanta har ta yi hayaƙi, sai ka ajiye ta bisa rairayi nesa da zana. Kada a wanke gwangwanin a tabkin da dabbobi ke sha.

Amalanke

Sau da yawa ba cikin ruwa jirgi ke samun rauni ba, bisa hanya ne, ran da ake kai shi gida ko wani tabki. Hanyoyin Adar ka san su. Jirgin da aka ɗora bisa ƙarfe tsirara, ko wane dutse taya ta hau sai ƙarfen ya dake shi wuri guda.

Ka shimfiɗa katako biyu a tsawon amalanken, ka naɗe su da tsofaffin buhuna ko yankin tsohuwar taya, yadda gindin jirgin zai kwanta bisansu ko'ina daidai. In hannunka yana shiga tsakanin katako da jirgi, ka cike wurin. Ka kwashe ruwan ciki tukuna, gama ko wace lita kilo guda ce, kuma ruwa yana gudu gaba da baya.

Sa'an nan ka gwada nauyi tun ba ka ɗaura jaki ba. Ka ɗaga hannuwan amalanken da kanka. In suna neman tashi sama, jirgin ya yi baya da yawa, a hawan tudu zai ɗaga jakin. In sun fi ƙarfinka, ya yi gaba da yawa, akumari zai yi wa jakin miki a baya. Ka matsa jirgin kaɗan kaɗan har ya zama ɗan nauyi ne ya rinjaya gaba. In tirela ce da mota ke ja, abin da ke danne maƙalar motar ya zama kamar kashi 1 cikin 10 na nauyin duka. Kasa da haka ƙwarai, tirelar ta kan yi ta wutsiya hagu da dama in an yi gudu. Ka ɗaure goshin jirgin gaba, ka ratsa igiya biyu bisa cikinsa, ka sa tsumma inda igiya ke gugar baki. Bayan ƴar tafiya ka tsaya ka ƙara ɗaurewa.

In amalanke yana karkata gefe guda, ko taya ɗaya na cinyewa fiye da ƴar'uwarta, ka fara da iska, su zama daidai. In ba nan ba ne, ka ɗauki igiya ka auna daga tsakiyar goshin amalanken zuwa ko wane bakin sandar tayoyi. Awon biyu su zo ɗaya. In sun saɓa, sandar ta goce, sai a kwance notuna a daidaita, ko a kai wa mai walda.

Saura boris, wanda makanikai ke ce wa rulma. Masunta suna son tura amalanke cikin tabki don sauke jirgi da sauƙi. Boris da ya ɗau zafin tafiya, in ya shiga ruwan sanyi sai ya zuƙo ruwa da laka, tsatsa ta bi. Ka tsaya inda ruwa bai kai cibiyar taya ba, ku sauke da hannu. Sau guda a shekara ka tokare amalanken, ka ɗaga taya, ka juya ta kana saurare, ka girgiza ta. In tana gurnani ko tana lilo, a buɗe, a wanke da kananzir, a shanya, a cika da sabon giris. Wajen mayarwa a ɗaure notin har tayar ta fara nauyin juyawa, sa'an nan a sassauta shi kaɗan, a sa masa sabon fil.