Bajon Da Ke Ƙirjin Ma'aikaci: Wane Tururi Yake Gani?

Duk wanda ya taɓa shiga sashen ɗaukar hoton ƙashi a babban asibiti, mai yiwuwa ya lura da ɗan bajon roba maƙale a ƙirjin ma'aikata. Ba katin shaida ba ne. Dosimita ce, 'yar na'urar da ke tara lissafin tururin nukiliyar da ya ratsa jikin mai ita, a karɓe ta bayan wata ɗaya ko uku a karanta a ɗakin gwaji. Ƙa'idar da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta amince da ita ita ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 a shekara, idan aka ɗauki matsakaicin shekara 5, kada kuma ya haura 50 a shekara guda.

Sai dai tururin ba iri ɗaya ba ne, bajon ma haka. Wanda aka fi rabawa an yi shi ne domin hasken eksire da na gama. Akwai kuwa niyutiron, ƙwayar da James Chadwick ya gano a 1932, wadda ba ta ɗauke da cajin lantarki. Dalmar da ke tare eksire ba ta cika tsayar da ita ba. Ruwa da kakin kyandir da kankare mai kauri su ne ke karya mata gudu. Jikin ɗan Adam kuwa galibinsa ruwa ne, don haka a cikinsa take sauke ƙarfinta. Wajen lissafin illa, abin da jiki ya sha na niyutiron ana ninka shi sau 2.5 har zuwa kusan 20, gwargwadon ƙarfinta, alhali na gama ba a ninka shi. Ma'aikacin da ke cikin niyutiron sanye da bajon gama zai ga sakamako mai kwantar da hankali, amma rabin labari aka ba shi.

Kada a ɗauka wannan damuwar Turai ce. Tun 2004 tukunyar binciken nukiliya ƙirar Sin take aiki a cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ba can hankalina ya fi tashi ba, domin gidan masana ne. Ya fi tashi a rijiyoyin mai, inda ake zura curin sinadaran amerisiyam da beriliyam mai fitar da niyutiron don gane yanayin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, da wuraren aikin titi inda ake auna damshin ƙasa da irin wannan curi, da kuma injinan gashin ciwon daji masu ƙarfi sosai, waɗanda su ma sukan fitar da ita. A Disambar 2002 irin waɗannan curi biyu sun yi ɓatan dabo daga motar wani kamfanin aikin mai a yankin Neja Dalta. Wanda ya tsince su ba shi da bajo ko wane iri.

Auna niyutiron sai da dabara. Hanya ɗaya ita ce a haɗa ƙwayoyin gishirin litiyam iri biyu a bajo guda: ɗaya na jin gama da niyutiron, ɗaya gama kaɗai, bambancinsu shi ne rabon niyutiron. Irin wannan bajo yana dogara ne da niyutiron da ta shiga jiki ta rage gudu ta dawo, saboda haka dole ya manne da jiki. Wanda ya bar shi yana lilo a bakin babbar riga ya ɓata lissafin. Dole kuma a daidaita shi da yanayin wurin aikin, domin amsarsa a gefen tukunyar nukiliya daban take da ta bakin rijiyar mai. Hanya ta biyu 'yar roba ce mai suna CR-39, irin wadda ake yin gilashin tabarau da ita. Niyutiron na barin tabo a jikinta, a jiƙa ta a sinadari tabon ya buɗe, a ƙirga a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

A hatsarin Tokaimura na ƙasar Japan, ran 30 ga Satumbar 1999, inda biyu daga ma'aikata uku da abin ya fi shafa suka rasu, sai da aka auna sodiyam ɗin jininsu da niyutiron ta sauya kafin a ƙiyasta abin da suka sha. Amma wannan hanya ta babban bala'i ce. Ɗan kaɗan-kaɗan da ke taruwa cikin shekara 20 na aiki, bajo ne kaɗai zai riƙe lissafinsa.

Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin mallakar waɗannan curi. A ganina, kada ta sabunta lasisin kowa sai ya nuna bajon niyutiron na kowane mai kusantar curin, har da direban da ke dakonsa da leburan wucin gadi da ke sauke shi. A kuma riƙa miƙa wa ma'aikaci sakamakonsa a rubuce, ya tafi da shi duk kamfanin da ya koma.