Daga Tsibirin Lete Zuwa Falasɗinu: Darasin Da Ɗalibina Ya Koya Mini

Ranar Talatar da ta gabata ina koyar da taswirar Benin a ajina a nan Kolokonde, na bi Kogin Kwara da alli na ce nan ce iyakarmu da Nijar. Sai wani yaro da mahaifinsa ke fataucin albasa tsakanin Malanbil da Jugu ya ɗaga hannu: "Malam, to wa ya ja layi a cikin ruwa?"

Ajin ya fashe da dariya, amma ni tambayar ta kwana a raina.

Amsarta tana tsibirin Lete. Tun kafin samun 'yanci a 1960, makiyaya Fulani daga gefen Nijar da manoman gefen Dahome suke jayayya a kansa. A ƙarshen 1963 rikicin ya kai har Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahome daga ƙasarta. Sai a 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague. Ranar 12 ga Yulin 2005 kotun ta ce iyaka ita ce hanyar jiragen ruwa mafi zurfi kamar yadda take lokacin 'yanci. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Mun ji zafi, amma ba a harba bindiga ba.

Shi ya sa duk sanda na ji ana batun musayar ƙasa tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa nake kasa kunne. Can ma akwai layi, Koren Layi na 1949, wanda ya tsaga ƙauyen Barta'a gida biyu, dangi guda suka wayi gari a ƙasa daban-daban. Bayan yaƙin 1967 Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma ta shiga gina matsugunai. A Disambar 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya ba da shawarar Falasɗinawa su samu kashi 94 zuwa 96 cikin ɗari na Gaɓar Yamma, a cika musu da wata ƙasa daga ɓangaren Isra'ila. A 2008 Ehud Olmert ya nemi riƙe sama da kashi 6, Mahmud Abbas ya tsaya kan kusan kashi 2. Ba a daidaita ba.

To, duk manomin doya a Donga ya san gona ba ta zama ɗaya da gona don faɗinsu ɗaya. A karɓi ƙasar da ke kewayen Ƙudus a ba ka yashi a bakin hamadar Negev, wannan musaya ce? Bambancin kuma shi ne, mu da Nijar ƙasashe biyu ne masu 'yanci da suka yarda da alƙali ɗaya. Falasɗinawa suna ciniki ne da wanda ke riƙe da ƙasar.

Kuma layi kaɗai ba ya isa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar Malanbil da Gaya, 'yan'uwanmu suka koma tsallakawa da kwale-kwale, ga tsada ga haɗari. Iyakar da kotu ta shata tana nan, amma mahaifin ɗalibina ya yi watanni yana asara.

Washegari na ce wa yaron: alƙalai ne suka ja layin, amma mahaifinka ne ke tsallaka shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabta, Ya kawo wa Falasɗinawa mafita.