Yara Da Labarin Rayuwar Manyan Mutane

Mu da ke koyarwa a makarantun ekklesiya, sau da yawa mu ne kuma ke riƙe da mabuɗin kabad na littattafai. Daga bakin kabad ɗin nan muna ganin abin da ba a gani daga gaban allo. Da zarar an ce wa 'yan aji shida kowa ya karanta labarin rayuwar wani babban mutum, ya kawo bayani ran Litinin, sai su cika mana ƙofa. Ba mai tambayar labarin da ya fi daɗi. Kowa littafin da ya fi siranta yake nema.

Ba laifinsu ba ne duka. Abin da waɗansu malamai ke bukata shi ne shekarar haihuwa, da gari, da shekarar mutuwa. Yaro mai wayo zai kwafe wannan daga bangon littafi, bai buɗe ciki ba.

Ƙananan littattafan ma suna da nasu aibin. Ku duba labarin Bishop Samuel Ajayi Crowther. Kowane ɗan littafi zai faɗa yadda aka kama shi bawa a Osogun a 1821 yana yaro, yadda jirgin ruwan Ingila ya ƙwace shi a 1822 ya kai shi Saliyo, da yadda ya sake saduwa da mahaifiyarsa a Abeokuta a 1846. Daga nan sai a kai ga naɗinsa bishop a Canterbury a 1864, a sa hotonsa cikin babbar riga, shi ke nan an rufe. Amma ya yi shekara 27 bayan naɗin. A 1890, a Onitsha, waɗansu matasan Turawan mishan suka dakatar da ma'aikatansa a gabansa, har da ɗansa Dandeson. Tsohon ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba, 1891, aka sa Bature a gurbinsa. Sai a 2014 Akbishop na Canterbury ya nemi gafara a fili.

Masu rubutu suna tsammani wannan ya yi wa yaro nauyi. Mu kam ba mu yarda ba. Ɗan shekara 12 ya san zafin a wulakanta babba a gaban 'ya'yansa, kuma irin wurin nan ne yakan tsaya ya yi tambaya.

Don haka, iyaye, in ɗanku ya kawo littafi gida, ku ce ya karanta muku da ƙarfi bayan tuwon dare. Ku tambaye shi inda mutumin ya sha wuya, da wanda ya taimake shi. In littafin bai faɗa ba, ku aiko shi wurinmu mu nema tare.

Akwai kuma labarin da muke so a mayar wa yara cikin ƙaramin littafi: na Dorugu, yaro Bahaushe da aka kama bawa, ya bi Bature Barth har Ingila. Shi ya ba da labarinsa da bakinsa, Schön ya rubuta, aka buga cikin Magana Hausa a 1885.