Farashin Auduga da Zangarniyar Dawa

Manoma 'yan'uwa, kowa ya san farashin amfanin gona ba ya zama wuri ɗaya. A manyan kasuwannin duniya akan zana shi a takarda, layi yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto. To, wannan layi yana da wani tsari, ko kuwa kara-zube yake tafiya?

Ku ɗauki zangarniyar dawa ku duba. Idan kun ɓalle reshe ɗaya daga jikinta, za ku ga kamar zangarniyar ce aka ƙanƙanta. Haka rassan tsamiya suke, haka kuma rafuka da gulbi. Abin da ɓangarensa yake kama da dukansa, shi masana lissafi suke kira firaktal. Wanda ya raɗa sunan a 1975 shi ne Benoit Mandelbrot, haifaffen Polan wanda ya yi aiki a kamfanin IBM a Amurka.

Auduga ce ta fara nuna masa wannan abu a kasuwa. A 1963 ya fitar da bincikensa a kan farashin auduga na shekaru masu yawa a Amurka. Da ya gwada canjin kwana-kwana da na wata-wata, sai ya ga fasalinsu ɗaya ne, girma kaɗai ya bambanta. Watau in an ɓoye kwanan wata, da wuya mutum ya gane wane zane ne na kwanaki, wane ne na watanni.

Ya kuma lura da abubuwa biyu. Na ɗaya, farashi yakan yi wawan tsalle fiye da yadda tsohon lissafi ya zata. Tun 1900 wani Bafaranshe, Louis Bachelier, ya kwatanta farashi da mai tafiya taku-taku ba tare da nufin ko'ina ba. A wannan lissafi babbar faɗuwa abu ce mai wuyar aukuwa ƙwarai. Amma ga shi ranar 19 ga Oktoba, 1987, ma'aunin hannun jari na Dow Jones a Niyok ya faɗi da fiye da kashi 22 cikin 100 a yini ɗaya. A watan Maris na 2011 laba ɗaya ta auduga ta haye dala 2, kafin ƙarshen shekarar kuwa ta koma ƙasa da dala 1.

Na biyu, rikicin farashi ba ya zuwa shi kaɗai. Babban canji yakan jawo wani babban, ko sama ko ƙasa, kwanakin lafiya kuma su bi juna.

Sai dai kamannin ba cikakke ba ne. Masu binciken da suka biyo baya sun ga cewa idan aka tsawaita lokacin awo, kaifin tsallen yakan ragu. Sa'an nan kuma wannan ilmi ba duba ba ne. Yana faɗin irin girgizar da kasuwa take iya yi, amma ba ya faɗin rana, ba ya kuma faɗin inda za ta nufa. Duk wanda ya ce ya karanta farashin gobe a zane, a yi hankali da shi.

Saboda haka kada manomi ya ci bashi bisa farashin bara. Kada ya ba auduga gonarsa duka, ya bar wa dawa da gero wurinsu, domin rumbu cike shi ne garkuwa ranar da kasuwa ta juya. Abin da yake ajiyuwa kuma a sayar da shi kashi-kashi, kada a kai shi kasuwa rana ɗaya. Da ma Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau, amin.