Wane ne takwaran Cristiano Ronaldo?

Ga kacici-kacici ga 'yan gidan kallo. Ranar 5 ga Fabrairu, 1985, a garin Funchal na tsibirin Madeira, aka haifi auta a gidan wani talaka mai kula da lambunan hukuma. Aka raɗa wa jaririn suna Cristiano Ronaldo dos Santos Aveiro. To, sunan wa ya ci?

Na san me za ku ce, kun ma ɗaga hannu: Ronaldon Brazil, mai wushirya. Ku sauke. An haifi wancan a 1976, lokacin bai cika shekara tara ba, ko a birnin Rio babu wanda ya san da zamansa sai 'yan layinsu. Ronaldinho kuwa ko biyar bai kai ba.

Sai wani ya ce sunan zuri'a ne. Nan ma an sha ƙasa. Sunan gidansu dos Santos Aveiro ne, Ronaldo sunan yanka ne na biyu. Ko dai wani tsohon ɗan wasan Portugal? Hasashen ba laifi, tunda uban, José Dinis Aveiro, ya yi aikin kula da riguna da takalman 'yan wasan ƙungiyar Andorinha. Amma takwaran ba ya cikin fili.

Ba Bafotuge ba ne. Ba ɗan ƙwallo ba ne. Mako biyu kafin haihuwar aka rantsar da shi karo na biyu.

Ronald Reagan, shugaban Amurka na 40.

Ba kujerar ce ta ja hankalin malam Dinis ba, majigi ne. Kafin siyasa Reagan ɗan fim ne a Hollywood. Kamfanin Warner Bros ya ɗauke shi a 1937, ya fito a fina-finai kusan hamsin, ciki har da Kings Row na 1942 da Bedtime for Bonzo na 1951, inda abokin fitowarsa biri ne. Ya shugabanci ƙungiyar 'yan fim, ya yi gwamnan California, ya shiga Fadar White House a 1981. Dinis dai jarumin yake so, sai aka liƙa wa Ronald harafin "o" don ya zauna a bakin Fotugawa.

Ke nan duk yaron da ake kira Ronaldo a filin unguwa, in ba na Brazil ake nufi ba, takwaran wani ɗan wasan kwaikwayo ne da aka haifa a Illinois a 1911, wanda ƙwallon da ya buga a makaranta ma irin ta Amurkawa ce, wadda ake runguma a hannu.