CIWON SUGA: A RIƘA AWO, A DAINA KINTACE

'Yan'uwa magidanta na Kankia da Kusada da kewaye, yau maganarmu a kan yadda mai ciwon suga zai riƙa sanin inda sugansa ya tsaya.

Da yawanmu da jin jiki muke awo. In ƙishirwa ta ragu, fitsarin dare ya yi sauƙi, sai mutum ya ce ai ya warke. Wani kuma ya tsaya duba ko kiyashi ya taru a fitsarinsa. To, ƙoda ba ta fara zubo suga cikin fitsari sai ya kai wajen 180 a jini. Kafin kiyashi ya ba ka labari, ciwon ya daɗe yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Kuma in suga ya faɗi, kiyashi ba zai gaya maka ba, alhali faɗuwar ta fi saurin kayar da mutum.

*Na'urar awo a gida*

Ana samunta a manyan kemis, ita da tsinkenta. Ka wanke hannu da sabulu ka tsane shi, don ɗanƙon dabino ko mangwaro a yatsa yana sa lamba ta hau. Ka soki gefen yatsa, ba tsakiya ba. Lokacin hunturu ka murza hannun ya yi ɗumi tukuna. Kwalbar tsinken a rufe ta, a ɓoye ta daga rana, a duba ko wa'adinta ya wuce. Allura ɗaya mutum ɗaya, ko da kai da iyalinka ne, saboda ciwon hanta.

Ga yawancin manya, abin da ake nema shi ne:
Da safe kafin a karya, 80 zuwa 130.
Awa 2 bayan cin abinci, ƙasa da 180.
Ƙasa da 70 kuwa, suga ya faɗi.

Wata na'urar ƙananan lambobi take nunawa. Kada ka ruɗe, ana raba babbar da 18 ne: 126 a wannan, 7 ke nan a waccan.

In ka ji rawar jiki da gumi da jiri, ka auna. In ƙasa da 70 ne, ka sha babban cokali ɗaya na zuma ko suga a ruwa, ka sake awo bayan minti 15. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

*Awon wata uku*

Akwai awon jini mai suna HbA1c, yana nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata 3. Yawanci ana so ya zama ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Ku tambayi likita a Babban Asibitin Kankia inda za a yi muku shi. Mai sikila ko ƙarancin jini ya faɗa, don suna iya karkatar da sakamakon.

*Masu shan itatuwa*

Ni da nake wannan sana'a nake gaya muku: zogale, hulba, garafuni da shuwaka ba sa hana awo. In ka haɗa su da ƙwayar asibiti ko allurar insulin, suga na iya faɗuwa ba zato. Kada ka ajiye maganin likita don ka fara jiƙo. Zuma da dabino masu albarka ne, amma suna ɗaga suga. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta rana da lokaci da lamba da abin da ka ci, tuwon dawa ne ko fura mai suga, ka kai wa likita.

*Mai azumi*

Sukar yatsa ba ta karya azumi, na Ramadan ne ko na Litinin da Alhamis. In lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, ka sha ruwa nan take, ko da magariba ta kusa. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, jiki kuwa amana ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan'uwa.